Kata da bunkai: amsar tambayoyin da ake yawan yi mana a Maradi

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambayoyin nan kusan kullum su ake maimaita mana, ko wurin horo, ko a fada in ana shan shayi, ko iyaye in sun kawo yaro sun tsaya bakin ƙofa suna kallonmu muna ta naushin iska. Shi ya sa na ga gara in tara su wuri guda. Ni karate salon Shotokan nake koyarwa nan Maradi, don haka sunayen da zan riƙa kawowa na Shotokan ne, amma maganar ta shafi duk mai yin kata ko wace makaranta ya bi. Kuma tun yanzu ga inda na tsaya: kata da ba a taɓa gwada ta jikin mutum mai gardama ba, rabin aiki ce.

Metir, wai mi ne ne kata, mi ne ne kuma wanga bunkai da kuke ta faɗa?

Kata jerin motsi ne da anka tsara tun da daɗewa, kai kaɗai kake yi, taku kaza gaba, ka juya hagu, ka tare, ka kai naushi, har ka komo inda ka faro. Heian Shodan da ake fara koya ma sabon shiga motsi 21 gare ta, Kanku Dai 65, Shotokan gaba ɗaya kata 26 anka saba lissafawa. Bunkai kuma shi ne ka yanko ɗan yanki daga ciki, motsi biyu ko ukku, ka kira abokin horo ya tsaya gabanka ya cafke ka ko ya kawo maka duka, ku ga mi yankin nan yake yi a jikin mutum.

Kata kamar dawon fura take. An dunƙule ta don ta yi sauƙin ɗauka, ta bi hannu zuwa hannu ba ta lalace ba, amma ba wanda zai ce ya sha fura alhali dawo ne riƙe a hannunsa, sai an dama da nono. To bunkai shi ne damun.

To ba rawa ba ce? Abokaina a fada dariya suke mani.

Ƙanena, in gaskiya ake so abokanka suna da ƴar hujja. Yadda ake koyar da kata wurare da yawa, a jera yara sahu-sahu, metir na ƙirga ichi, ni, san, su kuma suna bi, shekara ta zagayo a canza masu ɗamara a ƙara masu wata kata, ba wanda ya taɓa ce masu ga abin da hannun nan ke riƙe da shi, to mai kallo daga waje mi zai kira wannan? Amma laifin na koyarwa ne. Mutanen da kata ta biyo ta hannunsu ba ƴan wasa ba ne, cikinsu akwai irin su Sokon Matsumura da ya yi aikin tsaron sarakunan Ryukyu, wato Okinawa ta da, kuma zamaninsu ba bidiyo ba salula, hanyar da mutum zai adana abin da ya sani na faɗa ita ce ya jera shi cikin motsi ya zuba ma ɗalibi a jiki. Abin da ke ciki kuwa ya wuce naushi da shuri, akwai riƙo, akwai murɗe hannu, akwai kayarwa, akwai gwiwa da gwiwar hannu.

In haka ne, ya anka yi ma'anar ta ɓace?

A hankali ta ɓace, kuma akwai dalili. Karate daga tsibirin Okinawa ya fito, wanda da can masarauta ce ana ce mata Ryukyu, kafin Japan ta haɗe ta a 1879. Lokacin malami ɗalibai kaɗan gare shi, a tsakar gida ake horo, galibi da dare, kowane ɗalibi malam ya san shi, ya kama shi, ya kayar da shi da hannunsa. Farkon shekarun 1900 wani dattijo Anko Itosu ya shigar da karate lakwal, shi ne ya tsara katan nan biyar da ake ce ma Pinan don yara su samu abin farawa. To ka san abin da za ka nuna ma babban mutum guda a tsakar gida ba shi za ka nuna ma aji cike da yara ba, ba ka ce masu nan ido ake tsonewa, nan kuma gwiwar hannu ake karyawa. Sai siffa ta yi gaba, bayani ya tsaya baya.

Ɗalibinsa Gichin Funakoshi ya kai karate Tokiyo a 1922, ya canza ma Pinan suna ta koma Heian, ya kuma musanya ta ɗaya da ta biyu don mai sauƙin ta zo farko. Can Japan karate cikin jami'o'i ya bazu, samari ne rututu, shekarun karatunsu ƙalilan, ga judo ya riga ya riƙe fagen riƙo da kayarwa, sai karate ya karkata wajen naushi da shuri daga nesa. Farin kimonon da muke sawa da tsarin ɗamara ma wajen judo anka aro su. Yaƙin duniya na biyu ya zo, a 1945 anka ragargaza Okinawa, mutane da yawa sunka mutu, takardu sunka ƙone. Bayan yaƙi anka kafa ƙungiyar karate ta Japan, JKA, a 1949, ta yi gasarta ta ƙasa ta farko a 1957, daga nan kuma abin da alƙali ke ba maki shi kowa ke gogewa. Karaten da ya watsu duniya har ya iso mana galibi irin wanga ne na bayan yaƙi.

An ce mani cikin kata mutane ne sunka kewaye ka, ka bugi na hagu ka juyo ka bugi na dama. Haka ne?

Haka anka daɗe ana faɗa, amma bai zauna ba. Masu tare mutum ba layi suke bi ba, tare suke faɗo maka. Kuma wanda ka ba baya, ya za ka san naushi zai kawo ko shuri har ka juyo da tarewar da ta dace? Kenwa Mabuni, wanda ya kafa Shito-ryu, tun shekarun 1930 ya yi rubutu yana ƙin wannan fahimta. Bayaninsa shi ne juyin da ke cikin kata yana nuna maka inda kai za ka koma ne game da mutumin da ke gabanka. In kata ta juya hagu, to kaucewa ka yi ka koma gefensa, in ta juya baya gaba ɗaya, ko ka zagaya bayansa ko ka juyo da shi ka kayar. Mutum guda ne, kuma kusa yake, numfashinsa na dukan fuskarka.

Mi ya sa ake maido hannu guda a ƙugu? Ba buɗe fuska ba ne wannan?

In hannun banza ka maido, eh ka buɗe fuska, kuma duk ɗan dambe zai nuna maka haka kafin ka ƙifta ido. Amma hannun nan da muke ce ma hikite ba fanko yake komowa ba. Funakoshi da kansa ya bayyana cikin rubutunsa cewa hannun abokin gaba ake kamawa a murɗa a jawo, don tsayuwarsa ta lalace ya faɗo ma naushin. Gwada da wani yanzu, kama masa hannun riga daidai gwiwar hannu, ka ja zuwa ƙugunka kana murɗawa, za ka ga kafaɗarsa ta biyo, kansa ya sunkuyo, ɗayan hannun nasa ya yi maka nisa. Ga wata fa'idar kuma, cikin duhu ko cikin hargitsi ido ba ya gani sosai, amma muddin hannun mutum na riƙe gare ka ka san inda kansa yake. Shi ya sa nake ce ma yarana duk inda kunka ga hannu ya koma ƙugu, ku tambayi kanku mi ya ɗauko.

Ba mu misali daga Heian Shodan wanda za mu iya gwadawa.

Ɗauki motsi na farko, gedan barai, inda ake juyawa hagu a share hannu ƙasa. An saba cewa shuri ake tarewa da shi. Shurin ƙato kuwa da sangalin hannu guda, kana tsaye bisa hanyarsa, hannun ne zai ji jiki. To sa abokinka ya cakumi wuyan rigarka da hannunsa na dama. Kai kuma ka kama wuyan hannunsa da naka na dama, ka kauce ka koma gefensa ta waje, ka ɗora sangalin hannunka na hagu bayan gwiwar hannunsa, sai ka ja wuyan hannun zuwa ƙugu, na hagun kuma ka danna ƙasa kana sakin nauyinka bisa ƙafar gaba. A hankali fa, gwiwar hannu ba ta da haƙuri. Za ka ga ya duƙa ko bai so ba, kansa ya sauko daidai ƙirjinka. Yanzu duba motsi na biyu cikin kata, taku gaba da naushi a tsayin ƙirji. Kan nasa ne ya sauko wurin.

Motsi na huɗu ma a fili yake, inda ake fizgo hannu baya a zagayo da shi a sauke dunƙule kamar guduma. An riƙe maka wuyan hannu ne, ka murɗe ta wajen babban yatsansa inda riƙon ya fi rauni, hannun da ya kuɓuta bai tsaya ba ya zagayo ya sauka bisa karan hanci ko kafaɗa. Age uke, wato tarewar sama, ɗin nan ukku a jere da ake cewa tare naushin fuska ne, gwada su kana riƙe da hannunsa a ƙugu, sangalin hannunka na shiga ƙarƙashin haɓarsa, za ka ji bambanci nan take.

Mu da muke da kokowa da dambe, mi za mu tsinta a nan?

Yawwa, wannan ita ce tambayar da na fi so. Maradi garin kokowa ne, Kantu namu ne ya fara ɗaukar takobi a Tawa a 1975, filin kokowar garin nan ma sunansa anka sa mashi. Yaron da ya tashi yana kokowa cikin yashin gulbi ya riga ya san abubuwan da wani ɗan karaten ke shan wuya kafin ya gane, yadda ake jin nauyin mutum ta hannu, yadda ake sa ƙafa, yadda ake sauke ƙugu ƙasa in an rungume ka don kada a ɗaga ka. Su ma mutanen Okinawa suna da tasu kokowar ta gargajiya, tegumi, Funakoshi ya ba da labarin yadda suke yin ta suna yara. Wato tsofaffin nan da kokowa a jikinsu sunka shigo karate, ba su buƙaci a zauna ana yi masu bayanin riƙo ba. Littafin Funakoshi na 1935 ma akwai kayarwa ciki da hotunansu.

In kana son ka tabbatar, yi Tekki Shodan gaban ɗan kokowa. Ita ce ake ce ma Naihanchi a Okinawa, motsi 29, duk a layi guda ake yin ta, hagu da dama, ƙafafu a buɗe ƙugu a ƙasa. Ɗan karate na ganin ta wata iri, har wasu na cewa wai faɗa ne bisa doki ko jikin bango. Ɗan kokowa kuwa yana gani zai ce maka ai wannan riƙo ne. Ƙafar nan da ake ɗagowa ciki da sauri a maida, ko taɗiya ce ko kauce ma taɗiya ko dukan cikin gwiwa. Gwiwar hannun da ake bugawa cikin tafi, tafin nan ƙeyar mutum ya riƙe. Choki Motobu, wanda duk cikin tsofaffin Okinawa ya fi suna wajen faɗa na gaske, kan wagga kata ya dogara. Dambe ma duba shi, hannu guda an naɗe shi ne mashi, ɗayan a buɗe yake gaba shi ne garkuwa, yana aunawa yana turewa yana riƙewa. Aikin hannu biyu ke nan irin wanda kata ke nema.

Inda anka rabu shi ne manufa. Kokowa da ka kai mutum ƙasa magana ta ƙare, ga alƙali, ga makaɗa, ba mai dukanka. A titi kuwa ba ka son ka bi shi ƙasa ko kaɗan, don ba ka san ko yana da aboki ko mi ke aljihunsa ba. Ka kayar, ka tsaya da ƙafarka, ka bar wurin.

Ni da kaina ya zan gano ma'anar motsi in ba a nuna mani ba?

Kada ka fara da neman wane harin karate motsin ke tarewa. Fara da abin da mutane ke yi da gaske in rigima ta tashi, a tasha, ko bakin kasuwa, ko wurin kallon ƙwallo: cakumar wuyan riga, tunkuɗa a ƙirji, mari, naushin nan mai zagayowa ta gefe, riƙe hannu, rungumowa ta baya, maƙale kai ƙarƙashin hammata. Ba mai ja da baya ya gyara tsayuwa ya miƙo maka oi zuki, naushin nan na karate da ake takowa gaba da shi. Sai ka ɗauki motsin ka riƙa sa shi cikin waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kusa-kusa, tazarar da hannunka zai kai kafaɗarsa.

Kana yi kana duba wasu abubuwa. Hannu biyun duka na aiki? In bayaninka ya bar hannu guda yana lilo, akwai saura. Shirin da ake yi kafin motsi, lokacin da hannu ke haurawa wajen kunne kafin ya sauko, shi ma aiki ne, sau da yawa nan ne ainihin tarewar take, abin da ya biyo baya duka ne ko danna. Tsayuwar fa, ina take kai nauyinka? Kokutsu dachi baya take kai shi, to ja kake yi. Kiba dachi ƙasa take kai shi, to wani abu kake dannewa ko kana hana a ɗaga ka. In kuma bayanin naka sai abokin gaba ya kawo hari kaza, ya biyo da kaza, ya kuma tsaya maka, kamar kun yi shawara, to jefar da shi. Motsinka na farko ne ya kamata ya tilasta mashi shiga halin da na biyu zai iske shi.

Wasu wuraren ma ba su da wuyar karatu. Heian Yondan inda hannu biyu ke miƙawa sama su jawo ƙasa gwiwa na haurowa, kai ne anka kama. Ƙarshen Heian Sandan inda gwiwar hannu guda ke tafiya baya naushi na tsallake kafaɗa, wanda ya rungumo ka ta baya ne. Daga irin waɗannan ake farawa kafin a je masu ruɗarwa.

Sai gwaji, wanda shi ne uban duka. Ce ma abokinka kada ya taimake ka, ya riƙe da ƙarfi, ya ja, ya ture, ya yi gardama. Ka gwada da wanda ya fi ka nauyi, da gajere, da bahago. Abin da ya tsira daga nan shi za ka ajiye.

Yaushe ya kamata a fara koya ma ɗalibi? Wasu na cewa sai ya kai baƙar ɗamara.

Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Yara da yawa ba su kai baƙar ɗamara, karatu ya ɗauke wannan, kasuwa ta ɗauke wancan, wani ya tafi ci-rani, to wanda ya yi shekara biyu ya tafi mi ya tafi da shi in ba a taɓa nuna mashi komi ba? Ni tun makon farko nake farawa, kuma ta baya nake biyowa. Ba na fara nuna motsin. Sai in haɗa su biyu-biyu in ce kai cakumi rigar wannan, kai kuma ga yadda za ka yi, su yi ta yi a hankali har hannu ya gane hanya. Sannan in ce abokin ya koma gefe, kai kuma maimaita abin da ka yi a iska. Yana yi sai in ce to ka ga abin da ka yi yanzu, shi ne farkon Heian Shodan. Yaron da ya koya haka ba ka fama da shi kan ya runtse ƙugu ko ya ja hikite da ƙarfi, ya san abin da ke faruwa in bai yi ba.

Daga nan ake ƙara gardama kaɗan-kaɗan, yau abokin ya riƙe kawai, gobe ya riƙe ya ja, jibi ya riƙe ya kawo mari da ɗayan hannun. In sun kwana biyu sai mu yi wasan da suka fi so, guda ya kama ta duk yadda ya ga dama ba sanarwa, ɗayan kuma aikinsa ya kuɓuta ya ruga ya taɓa bango. Da gangan nake sa wasan ya ƙare da gudu.

Kowane motsi ma'ana guda gare shi? Kuma gaskiya ne akwai asirin da manyan Japan ke ɓoyewa?

Tsofaffin ba su bar littafi mai bayanin kowane motsi ɗaya bayan ɗaya ba, baki da baki ake ba da shi, don haka duk wanda ya ce maka nashi kaɗai ne na asali ka yi hattara da shi. Itosu cikin wasiƙarsa ta 1908 mai magana goma ya ja hankalin ɗalibi ya nemi bayanin motsi ya kuma san lokacin da ake amfani da shi, ya kuma nuna karate na kare kai ne daga mugu. Amma wannan ba ya nufin duk abin da mutum ya ƙirƙiro daidai ne. Gara ma'ana guda ko biyu da jikinka ya sani da goma da bakinka kaɗai ya sani.

Asiri kuwa babu. Bidiyon nan na TikTok da YouTube inda ake taɓa mutum da yatsa ya zube, ko a kayar da shi ba a taɓa shi ba, ƙarya ce, ɗaliban mai yin ne kaɗai ke faɗuwa.

Bunkai ɗin da muke gani a gasa fa, ana tsalle ana juyi a sama?

Wannan wani fage ne daban. A gasar WKF, hukumar karate ta duniya, in ƙungiyar mutum ukku ta kai zagayen neman lamba, bayan sun yi kata sai su nuna bunkai, kuma an shirya shi ne tsaf, kowa ya san inda zai faɗi. Aiki ne mai wuya ƙwarai, ina girmama masu yin shi, wanda ya kalli Sandra Sánchez ta Sipaniya da Ryo Kiyuna ɗan Okinawa lokacin da sunka ci zinare na kata a Olamfik ɗin Tokiyo da anka yi a 2021 ya san ba ƙaramin horo ba ne. Abin da nake roƙon abokan aikina malamai shi ne su faɗa ma ɗalibi wanne ne wanne. Wannan na alƙalai ne, wannan kuma na ranar da ba a fata.

In ɓarayin salula sunka tare ni da wuƙa, kata za ta cece ni?

Ba su salular. Wallahi da gaske nake. Ba kata ba, ba ɗamara ba, babu abin da ke hana wuƙa yanka, kuma wanda ya fi kowa ƙwarewa ma in ya shiga da mai wuƙa jini zai zuba. Salula ana sayen wata. Abin da muke koyarwa na lokacin da ba hanyar fita ne, an riƙe ka, ko ana neman jan ka wani wuri, ko kana tare da wanda ba ya iya gudu. Kafin nan akwai abin da ya fi bunkai amfani, kada ka tsaya danna waya a lungu mai duhu, in kana bisa kabu-kabu ka sa ta aljihu, in rigima ta fara a fada ka tashi tun ana cacar baki.

Ni uwa ce, ɗiyata na so ta shiga amma ina tsoron a ji mata ciwo, kuma ban son maza na kama ta.

Hajiya, tsoronki na kan hanya, kuma hakkinki ne ki zo ki zauna ki ga yadda ake yi kafin ki yarda. Aikin riƙo mace da mace muke haɗawa, kuma tana iya horo da kanta a rufe, ko a gasar WKF an yarda da ɗan kwali na musamman. Ƙanana ba mu koya masu taɓa ido ko maƙogwaro ko murɗe gaɓa, abin da suke koyo shi ne fizge hannu, ihu da ƙarfi, da gudu wajen manya. Manya kuma doka ce, in abokinka ya buga tafi sau biyu a jikinka ko a ƙasa ka saki nan take, wuya kuma ba a fizgar shi ko da wasa. Kayarwa ba mu yin ta bisa siminti, in ba katifar horo ta tatami yashi muke nema, kuma sai an koyi faɗuwa kafin a koyi kayarwa. Ni a ganina ƴan mata ma sun fi buƙatar wannan ɓangaren, don abin da ke samun mace galibi da riƙon hannu yake farawa. In tana da sha'awar gasa kuma ki ba ta labarin Feryal Abdelaziz ta Masar, da ta ci zinare a karate can Tokiyo.

Sunkuyon gaisuwa da ake yi kafin kata fa, a addinance?

Ni ba malamin addini ba ne, hukunci a tambayi malamai. Abin da muke yi wurinmu shi ne sallama da hannu a ƙirji, ba na tilasta ma kowa ya sunkuya, kuma bunkai bai ragu da komi ba don haka. Wanda zai shiga gasa dai ya sani dokar gasa na neman gaisuwar, sai ya yi tambayarsa tun kafin ranar.

Ni taekwondo nake yi, wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka. Tun da Alfaga ya ciyo mana azurfa a Olamfik ɗin Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, yara da yawa can sunka nufa, kuma abin alfahari ne. Da dama cikin waɗanda sunka kafa makarantun farko na Koriya karate sunka koya a Japan, shi ya sa cikin poomsae ɗinku, wato katar taekwondo, za ka ga tarewar ƙasa, da hannu a ƙugu, da juyi irin namu. Duk tambayoyin da na lissafa sama kana iya yi ma poomsae.

Kata nawa ya kamata in sani?

Don jarabawar ɗamara, abin da tsarin makarantarku ya ce. Don amfani kuwa kaɗan sun isa. Mutanen da suna da magana cewa kata guda shekara ukku, Funakoshi ma ya faɗi yadda malaminsa ya riƙe shi shekaru kan Tekki kafin ya wuce gaba. Ni shawarata Heian biyar ɗin da Tekki Shodan, ka zaɓi guda cikinsu ka tone ta sosai.

Ba ni da abokin horo a unguwarmu, ga zafi, ya zan yi?

Yi kata kai kaɗai, amma kana ganin mutumin a zuciyarka, ina hannunsa, ina kansa, ina ƙafarsa. Cika buhu da yashi haɗe da tsumma ka rataya a icce don naushi da gwiwa, ka ɗaura tsohuwar tuyub ɗin moto jikin ginshiƙi kana ja zuwa ƙugu don hikite. Amma ko sau ɗaya a mako ka nemi mutum, ƙanenka ko wani ɗan kokowa na unguwa, in ka samu ɗan kokowa ma ka dace, ce mashi kawai ya riƙe ka kada ya saki. Lokacin bazara, Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya ake yi, da ruwa kusa. Da azumi kuma a rage ƙarfi, a maida aikin riƙo bayan tarawihi.